Man da Na Zuba wa Baba Iro

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni tsakanin Kura da Bunkure za su gane ni tun kafin su kai ƙarshe, waɗanda ba su san ni ba kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba. Samari nake so su saurare ni, musamman ku da kuke riƙe da sufana a gareji, ko kuke zaune bayan teburin galan-galan na mai a bakin titi.

Ni ɗan manomi ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ya bar ni da Inna da 'yar gonar shinkafa a bakin kanal ɗin ban-ruwa wadda ba ta isa ta riƙe gida ba. Maƙwabcinmu Malam Iro abokin mahaifina ne tun suna yara, ni kuwa Baba Iro nake ce masa. Shi yake buɗe mana ruwa ranar da layi ya zo kan gonarmu, shi yake ɗinka min kayan salla tare da 'ya'yansa. Da ya ga karatu ya ƙi shiga kaina, shi ne ya kama hannuna ya kai ni garejin Oga Habu a Kura, ya ce masa, "Ga ɗana nan. In ya yi ba daidai ba, ka dake shi, sannan ka aiko min in ƙara masa."

Oga Habu bakaniken babura ne, mutum mai faɗa amma mai gaskiya. Abin da ya fara cusa min a kai shi ne maganar mai. Ya ce a mota inji da giya kowanne da ɗakinsa da irin mansa, amma a baburan da muke hawa, inji da giya da kuloci duk kwano ɗaya suke ci. Man da ka zuba shi ne zai hau can saman inji ta 'yan ƙananan hanyoyi, shi ne zai jiƙa haƙoran giya, shi ne kuma farantan kuloci za su yi wanka a ciki. Ka zuba na mota, kuloci ya riƙa zamewa. Ka zuba mai kauri irin na giyar manyan motoci, ya kasa hawa sama, inji ya riƙa cin kansa a bushe. Na ji wannan har na haddace, don haka ba ni da bakin cewa ban sani ba.

To amma mutanenmu manoma suna da nasu ilimin. Ba wanda zai sayi mai sai ya sa an buɗe, ya ɗiga a ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, sannan ya raba yatsun a hankali yana kallo. In man ya ja zare, sai ya gyaɗa kai ya ce wannan shi ne mai. In ya tsinke da wuri, ya ce ruwa ne, ko da yanzu aka fito da shi daga kwali. Oga Habu ya yi faɗa a kan wannan har muryarsa ta dishe. Yakan ce, "Malam, babur ne, ba miyar kuɓewa ba!" Su yi dariya, su goge yatsa a jikin riga, gobe su dawo su sake murzawa.

Farkon lalacewata ƙaramin abu ne, har ina jin kunyar ƙanƙantarsa. In an kawo babur juyen mai, ba na zazzage galan duka. Nakan bar ɗan kaɗan a gindi, in tara a wata jarka da na ɓoye bayan tsofaffin tayoyi. In ta cika, in sayar wa masu injin ban-ruwa, in sha shayi da ƙwai. Na ce wa kaina ai ɗigo ne, babur ba zai ji ba. Ba wanda ya kama ni, kuma wallahi rashin kamun nan shi ya fi cutar da ni.

Da Oga Habu ya yaye ni, na kafa rumfata a bakin hanyar da ke shiga gonaki, ina gyara ina sayar da mai. Allah ya ba ni baki. In na fara zuba, mutum ya zo ɗaure birki sai ya tafi da galan. Kasuwa tana tafiya daidai gwargwado, ana ci ana sha, sai dai idona yana kan abokaina da suka shiga dillancin shinkafa suna sauya waya da takalmi. A wannan hali Gambo ya same ni.

Gambo daga birni yake zuwa da buhu, yana bin gareji-gareji yana sayen galan ɗin da aka juye. Wata rana ya zauna a bencina, ya ga wani manomi ya murza man gaske ya ajiye ya yi gaba. Ya bushe da dariya ya ce, "Kai fa wawa ne. Mutane suna gaya maka abin da suke so, kana ba su abin da ba sa so. Zare suke nema, ka ba su zare mana." Na ce masa Allah ya kiyaye. Na faɗa da ƙarfi ma. Kafin sati ya zagayo, ni na kira shi.

Aikin ba shi da wuya, shi ya sa ya yi daɗi. Mataccen mai muke tarawa, wanda aka juye daga babura da injinan ban-ruwa da na casar shinkafa. Mu zuba a duro ya kwanta, mu tace da tsumma, mu kawo man giyar manyan motoci mu gauraya har ya yi kauri. Gambo yana da abin da yake sawa launi ya washe, yana kuma da sababbin murafe da abin liƙe su. A ɗakin ajiyar da ke bayan gidanmu muke yi, da rana tsaka in unguwa ta watse gona. In ka ga galan ɗin a kan tebur sai ka rantse daga kamfani ya fito.

Kai, ka ga ciniki! Manomi ya murza, zare ya miƙe, ya ce, "Yauwa, yanzu ka fara kawo kaya." Har daga Garun Mallam ake turo mutane wurina. Na sayi sabon babur, na yi ƙiba, aka fara ce min Alhaji da wasa ina amsawa. A ƙarƙashin tebur kuwa akwai kwalin man gaske. Shi nake zuba wa nawa baburin in na rufe rumfa.

Inna ta taɓa leƙowa ɗakin ta same mu hannu dumu-dumu. Ba ta yi magana a gaban baƙo ba. Da Gambo ya tafi ta ce, "Wannan abin da kuke dafawa, na ci ne ko na kashewa?" Na ce mata man injin niƙa ne, ba ruwansa da mutane. Ta kalle ni ta koma madafa.

Baba Iro yana da tsohon babur da yake ji da shi. Da shi yake kai taki gona, da shi yake fito da kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan lokacin rani. Tun asali wurin Oga Habu yake juye, ni kuma ina hamdala da hakan a raina. Rannan da hantsi rumfata cike da mutane, Gambo ma yana zaune, sai ga Baba Iro ya tsaya. Ya ce, "Ɗana, kowa sai yabon manka yake yi, ni kaɗai ne bare? Juye min." Ya miƙa hannu ya nuna galan ɗin da ke kan tebur.

Kwalin man gaske yana taɓa gwiwata. Sunkuyawa kawai zan yi in ɗauko. Amma idanu suna kaina, kuma duk wanda ke wurin na kan tebur ya saya. In na sunkuya, wani zai ce, "Wannan fa? Mu wanne kake ba mu?" Gambo ya ƙura min ido yana sosa haɓa. Na ɗauki na kan tebur na fasa murfin.

Na miƙa masa bakin galan ɗin kamar yadda ake yi wa kowa. Har ga Allah so nake ya murza ya ce bai yi masa ba. Sai ya ture hannuna yana dariya, ya ce, "Haba! Ni zan gwada kayanka? Na kasuwa ake murzawa. Zuba kawai." Na durƙusa na zuba, ya sa min albarka a gaban jama'a, ya tayar ya tafi.

Na yi niyyar gyarawa, kada ku ce ban yi ba. Na ce da yamma zan shiga gidansa in ce a ba ni baburin in duba wani abu, in zubar da dattin in sa na gaske. To in ya tambaye ni dalili fa? Mutumin da ya ga an juye masa da safe. Na ce sai gobe in na samo abin faɗa. Gobe ta zo na ce jibi. Kullum muna sahu ɗaya a masallaci, kullum ina wuce baburin a zaurensa, ina kau da kai.

Har dama ta biyu Allah ya ba ni. Bayan 'yan makonni ya dawo ya ce da safe giya tana yi masa tauri, kuma yana jin wata 'yar ƙara a saman inji. Na kara kunne. Na san wannan ƙarar, Oga Habu ya sha nuna min ita: ƙarfe ne yake gugar ƙarfe babu mai a tsakani. Wasu 'yan acaɓa biyu suna zaune suna jiran in gama da shi. Na miƙe na goge hannu na ce, "Sanyi ne, Baba. Ka riƙa barinsa ya ɗan yi zafi kafin ka hau." Ya ce to, Allah ya yi albarka. Wannan maganar ita ce mafi munin abin da bakina ya taɓa furtawa.

Ranar da abin ya faru, ya ɗauro kwanduna biyu na tumatir, ya biyo hanyar bakin kanal da sassafe don ya riski masu motocin kudu. Waɗanda ke gona kusa sun ce sun ji ƙara, suka ga tayar baya ta ƙame tana jan ƙasa. Injin ne ya kama yana cikin gudu. Hanyar siririya ce, ga nauyin kaya. Ya gangara cikin kanal, baburin ya bi shi ya danne masa ƙafa a jikin siminti. Da ƙyar aka ciro shi. Ƙashin ya farfashe, ciwon ya sha ruwan datti, aka yi ta fama. Daga ƙarshe likitoci suka ce in ana son ransa sai an cire ƙafar daga gwiwa.

Garejin Oga Habu aka kai baburin. Da ya kwance injin, abin da ya zubo baƙi ne wuluk, mai kauri, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Ya tambayi wanda ya yi juyen ƙarshe, aka gaya masa. Dama 'yan acaɓa sun fara ƙorafi injinansu suna bugawa ɗaya bayan ɗaya, sai magana ta haɗu. Da 'yan sanda suka zo, Oga Habu yana tare da su. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Da ban koya maka ba, da na ce jahilci ne." Aka buɗe ɗakin bayan gida, ga duro, ga murafe, ga tsumman tata. Aka fito da ni da ankwa ta gaban matan unguwa, Inna tana tsaye a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Gambo ya ɓace, ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Ni kuma na samu inda zan rataya laifi. Na ce ɗakin haya na ba shi, ban san abin da yake yi a ciki ba, kaya yake kawo min a rufe ina sayarwa. Alƙali bai yarda ba, don shaidu sun yi yawa. Mutum ɗaya ne ya yarda a duk faɗin ƙasar nan. Baba Iro ya sa aka ɗauko shi a mota, ya shigo kotu yana dogara sanduna, wandonsa a naɗe a gwiwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan a hannuna ya tashi. In man ba shi da kyau, to shi ma cutarsa aka yi. Ba zai san abin da ke ciki ya zuba min ba. Ni ban kawo ƙararsa ba." Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka tausayi ne ya sa ni kuka. Aka yanke min shekaru.

Gidan yari ba sai na ba ku labari mai tsawo ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai ranar da za ka yi kewar ko da warin taɓon gona. Amma duk wannan jiki ne, yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne ziyarar Inna. Duk zuwan da za ta yi, da ƙullin da Baba Iro ya ba ta: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, wani lokaci 'yar busasshiyar kuka. Mutumin da ya daina noma, ya ba da gonarsa aro, manyan 'ya'yansa suka koma ɗaukar kaya a kasuwa. Saƙonsa kullum ɗaya ne, in yi haƙuri, Allah yana tare da wanda aka zalunta. Ina karɓa, ina ci. Yunwa ba ta bar ni na ƙi ba.

Wani zuwa Inna ta ajiye ƙullin ta ce, "Ni fa na gaji da ɗaukar wannan kayan. Kullum sai ya ce in gaishe da bawan Allah, ni kuma in ce zai ji. Ka mai da ni maƙaryaciya da furfurata." Ta ce ba za ta faɗa masa ba, don ba bakinta ne ya yi ƙaryar ba. Amma in na fito ban faɗa ba, kada in ƙara cin tuwonta. Tun daga ranar na fara salla da gaske. Wani malami da ke zuwa yi mana wa'azi ya gaya min abin da na riga na sani, cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai ka je wurin mai shi.

Da aka sake ni, ban kwana ba sai da na shiga gidan Baba Iro. Na same shi a zaure kan tabarma yana gyaran igiya, ya rame, gemu ya yi fari. Da ya gan ni ya jefar da igiyar ya buɗe hannu, yana kiran a kawo ruwa, a kawo fura, ɗansa ya dawo. Ya ce ya riga ya yi wa Oga Habu magana, ko zai haƙura ya mai da ni gareji. Wallahi na kusa fasawa. Shiru kawai zan yi, in sha fura, shi ke nan har abada.

Na durƙusa na ce, "Baba, na san abin da ke cikin galan ɗin. Ni na haɗa shi da hannuna. Ranar da ka zo, akwai mai kyau a ƙarƙashin tebur, na ƙi ɗaukowa don kada mutane su gane. Da ka dawo da maganar ƙara, na san ko mece ce."

Ya kalle ni, ya kalli inda ƙafarsa ta ƙare. Aka kawo furar aka ajiye a tsakaninmu, ba wanda ya taɓa. Can ya ce, a hankali, "Har da ranar da na dawo?" Na ce har da ita. Ya ce, "Na yi faɗa da mutane saboda kai. Na daina gaisawa da Habu shekara guda." Ya jawo igiyarsa ya riƙe. Ya ce, "Tashi ka je. In na iya, zan aiko a kira ka."

Yanzu ina aikin ɗaukar buhu a wani injin casa, don ba mai ba ni babur ɗinsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Ku masu hawa, ku ji daga bakin wanda ya cuce ku: yatsa ba ya gane mai. Ku sayi wanda aka yi domin babur, irin wanda littafin baburin ya faɗa, a wurin wanda kuka san inda yake saro kaya. Ku tsaya a zuba a gabanku, in an gama ku huda galan ɗin da wuƙa kafin ku yar. In inji ya canza murya, kada ku bari a sallame ku da maganar sanyi.

Ku kuma ƙannena masu sana'a, ban fara da duro ba, da ɗigon gindin galan na fara. Kada ku ce iyakar baƙi za ku cuta, don wata rana naku ne zai tsaya a gaban teburin, cikin mutane, kuma ba za ku iya sunkuyawa ba. In kun riga kun yi, ku je ku faɗa yau, tun abin da za a rasa bai wuce inji ba. Kunyar da na guje wa a gaban 'yan acaɓa biyu ba ta kai ta yini ɗaya ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Baba Iro. Ina jin tarinsa da asuba, ina jin ƙarar sandunansa in zai fita alwala. Damina biyu ke nan. Duk yaron da ya yi sallama a ƙofarmu sai na miƙe tsaye, amma har yau bai aiko ba.